Ranar Da Na Hura Wa Barista Usur

Masu turo min saƙo kuna cewa in sauke girman kai in ba da haƙuri, na gani, na kuma gode. Amma wadda ta ɗauki bidiyon nan da ke yawo daga tsakiya ta fara, daidai inda bakina yake a wangale, hannuna yana nuna wani bawan Allah mai farar riga. Ba ta ɗauki abin da ya faru kafin nan ba. Don haka ku gyara zama, tunda ni ce mai bakin, ni zan faɗa muku.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, aikina kai mutane daji. Wani ƙaramin kamfani nake yi wa aiki. Duk ƙarshen mako mukan cika bas da mutanen gari waɗanda zaman ofis ya ishe su, mu kai su cikin kurmi, su hau tudu suna haki, su ga inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, su ɗauki hotuna, mu dawo da su da ƙafafu a kumbure suna sa mana albarka. Mu biyu ne 'yan rakiya. Dogo yana gaba, don shi ƙafarsa ba ta san gajiya ba. Ni ce mai rufe baya. Duk wanda ya fi kowa nawa a tafiya shi ne abokina na ranar, ba na wuce shi ko da rarrafe yake yi. Usur kuma a wuyana yake, ba a wuyan Dogo ba, saboda na baya shi ke ganin kowa. Dokarmu guda ce, tun a cikin mota muke faɗin ta: in aka ji usur, kowa ya bar abin da yake yi ya taho. Mai tambaya ya riƙe tambayarsa sai an koma mota.

Shi kuwa mai farar rigar, Barista ne, lauyan da ke neman aurena, kuma magana ta riga ta je gaban manya. Umma ba ta haɗa shi da kowa. Tun ranar da ya fara sallama a gidanmu ta sauke labulen falo ta rataya sabo, ta fito da kofunan gilashin da muka girma muna kallonsu a cikin kabad. Gwaggo, yayar Abba, wadda gidanta ke bayan namu amma ƙafarta ta fi sabawa da namu, cewa take Allah ne ya dube ni, don a ganinta macen da rana ta gasa, ƙafarta ta yi kanta da hawan dutse, ba kowa ne zai kwasa ba. Uwar Daji take kirana. Abba ba ya cewa komai. Tun da ya ajiye aiki, daga kujerarsa ta baranda sai rediyonsa, in ka ji ya yi dogon zance to da mai gyaran famfo ne.

Ni ma ina son Barista, ba zan yi muku ƙarya ba. Yana da sanyin murya, yana da tsafta, in yana ba ni labarin kotu sai na yi dariya har cikina ya ƙulle. Kuma tun farkon haɗuwarmu na faɗa masa ni da daji mutu-ka-raba. Ya ce, "Ai abin da ya ja ni wurinki kenan."

Ranar Juma'a da yamma ina wanke gorunan ruwa sai saƙonsa ya shigo.

"Gobe ki ajiye mana kujera biyu, ni da Anti Babba."

"Anti Babba? A daji?"

"Ta ce tana son ganin wurin aikinki."

"To ka ce ta sa takalmi mai igiya. Kai ma haka. Kuma ban da fararen kaya."

"An gama, ranki ya daɗe."

Anti Babba yayarsa ce, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, maganarta tana da nauyi a gidansu. Na yi murna har na kasa ɓoyewa. Na ce a raina, gobe dangin miji za su gan ni a inda na fi iyawa, ba a falo ina sunkuyar da kai ina murza yatsu ba.

Da safe na fito daga wanka na tarar Umma ta shimfiɗa min baƙar abaya a kan gado, mai duwatsu a hannu, wadda ba na taɓa ta sai za a je gidan biki.

"Umma, wannan fa?"

"Yayarsa za ta gan ki. Ba za ki fitar min da wandon nan mai aljihu irin na makanikai ba."

"Da abaya zan hau dutse? In ƙaya ta riƙe ni wa zai ɓalle ni?"

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa. To ko hoda ki shafa, don Allah."

Na shafa hodar don a zauna lafiya. Na sa wandona mai aljihu, da riga mai dogon hannu har gwiwa, da ƙaramin hijabi, na ɗora hula mai baki, na ɗaure takalmina, na goya jakar da ke ɗauke da bandeji da igiya da ruwa. Umma ta bi ni da kallo har ƙofa, ba ta ƙara cewa komai ba, abin da ba halinta ba ne. Abba ya rage muryar rediyo ya ce, "Mamana, a dawo lafiya." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

A wurin tashi na hango su. Barista ya sha farar riga da farin wando da sabon kambas fari ƙal, sai ka ce talla zai yi. Anti Babba kuwa mace ce mai jiki da fara'a, ta zo da silifas mai ƙyalli da ƙatuwar jakar hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na buɗe bayan mota na ɗauko mata kambas ɗin da muke ajiyewa saboda irin haka, na ɗaure mata igiyar da hannuna.

"Ka ga 'yar albarka," ta ce wa ƙaninta.

Ya yi murmushi yana kallona ta saman tabarau. Na harare shi saboda fararen kayan, ya ɗaga kafaɗa.

Turbar tana farawa ne daga bayan wasu gonaki, ta ratsa wani rafi mai duwatsu wanda ruwansa bai wuce idon sawu ba, sannan ta nutsa cikin kurmi. Rafin nan daga magangarar ruwan da za mu je gani yake fitowa, kuma babu wata hanyar shiga ko fita sai ta cikinsa. Da ka tsallaka, duniya ta canza. Rana ba ta isowa ƙasa sai ɗigo-ɗigo, ganye ya jiƙe yana wari mai daɗi, saiwoyi sun fito sun kwanta a hanya suna jiran ƙafar wanda ke kallon waya. Birai suna ta shawagi a sama, 'yan matan da ke cikin tawagar suna ihu suna ɗauka. Ni kam duk lokacin da na shiga wurin nan, ji nake an sauke min wani kaya daga ƙirji.

Kafin mu kai rabin tudu, Anti Babba ta zama abokiyata ta ranar. Gwiwa ce ke damun ta. Barista ya ɗan tsaya da mu, sai ta kore shi, ta ce ya je ya bar mata da mata. Ya bi su Dogo, muryoyinsu suka yi nisa har suka ɓace. Na saro mata sanda, na karɓi jakar hannun na rataya a wuyana, muka riƙa taku muna hutawa. Ta ba ni labarin yadda yake kuka yana yaro in an yi masa aski, na yi dariya sosai. Wallahi a lokacin har na fara jin ta a raina.

Muka zauna a kan wani kututture, ta zame mayafi tana fifita da shi.

"Kai, 'yar nan, kina ƙoƙari. Kullum haka kike fama?"

"Duk Asabar, Anti. Wani lokacin har da Lahadi."

"To gara da na zo. Da ya ce min wannan ce fitarki ta ƙarshe, na ce a'a, bari in lallaɓa in gani da idona, kada a riƙa ba ni labari."

Na juyo na dube ta. Fuskarta babu alamar wasa, babu kuma alamar mugunta.

"Ta ƙarshe, Anti?"

"Eh mana. Ai da wannan sharaɗin Kawunmu ya amince. Shi ne ya ce ba ya son a ce matar ɗansa tana yawo a daji da ƙattin maza. Sai yaron nan ya ce an riga an gama magana, za ki ajiye. Ummanki ma ta tabbatar wa yaron, ta ce ita ta san yadda za ta yi da ke." Sai ta tsaya da fifitar. "Au, ba ki sani ba?"

Ashe haka ne. An zauna, an yanka rayuwata, an raba, har an sa rana, ni kuma ina can ina wanke goruna ina murna. Na tuna shirun Umma na safe, na gane ba gajiya da ni ta yi ba, kunya ce. Na so in ajiye jakar matar nan a ƙasa in ruga sama in shaƙo wuyan farar rigar. Amma ina bakin aiki, ga mace mai ciwon gwiwa a tsakiyar kurmi, kuma a hannuna take. Na buɗe gora na miƙa mata.

"Sha ruwa, Anti. Saura kaɗan."

Tun kafin ka ga magangarar kake jin ta, wani gurnani a ƙasa-ƙasa da ke shiga har cikin ƙirji. Sai ka karya wata kwana, itatuwa su buɗe, ka gan ta gaba ɗaya: ruwa fari fat yana faɗowa daga can sama tsakanin baƙaƙen duwatsu, feshinsa yana isowa fuskarka tun daga nesa. A ƙasa ya yi gurbi mai faɗi, a tsakiyar gurbin akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da kowa ke son hawa ya yi hoto. Anti Babba ta saki sanda ta riƙe baki tana tasbihi. Duk da abin da ke cina, sai da na ji daɗin ganin fuskarta.

Mutanenmu sun bazu. Wasu sun tsoma ƙafa, wasu sun buɗe biskit da lemo, wasu sun shiga har gwiwa. Barista ya naɗe ƙafar wando ya haye dutsen tsakiya, ya ba wata yarinya wayarsa ta riƙe. Yana hango ni ya ɗago hannu.

"Zo mana, ke nake jira. Hoton tarihi za mu yi."

Yanzu na san tarihin da yake nufi. Na yi abin da nake yi duk lokacin da na iso wurin, kafin in zauna, kafin in sha ruwa: na ɗaga kai na dubi saman magangarar, na sunkuya na dubi abin da ruwan ke ɗaukowa.

Ganye ne, ɗanye shar, da ƙananan rassa masu sabon karaya, suna juyawa a gefen gurbin. Farin ruwan ya fara surkawa da ja, kamar shayin da aka ɗiga wa madara. Wata iska mai sanyi ta sauko ta bugi wuyana. A kanmu rana ce tarwai, amma can bayan tudun, ta inda ruwan ke fitowa, sama ta yi baƙi. Ma'anarsa ana ruwa a can sama inda ba ma gani. Wani lokacin ya tsaya a haka. Wani lokacin kuma ya sauko gaba ɗaya babu sallama, ya rufe dutsen tsakiya, ya cika rafin da za mu tsallaka, mu kwana a daji in mun yi sa'a. Babu mai iya faɗa maka wanne ne zai faru, shi ya sa ba a jira a gani.

Na dubi Dogo, shi ma ruwan yake kallo. Ya nuna wuyana da haɓa. Na sa usur a baki na hura.

Mutane suka fara fitowa suna ƙunƙuni, mai neman takalmi na nema, mai tattara yara na yi. Kowa ya taho, ban da mutum ɗaya.

"Haba, rana fa ake yi," in ji Barista daga kan dutsen. "Zo mu ɗauka mu tafi."

"Barista, fito."

"Sassauta mana, ranki ya daɗe. Ko alƙali yana ba da ɗan lokaci."

Aka yi dariya. Kuma a nan ne abin ya lalace, don wasu samari da suka riga suka fito, da suka ga babban mutum ya tsaya yana raha, sai suka juya suka koma cikin ruwan da wayoyinsu. Wata mata ma ta fara cire wa ɗanta takalmin da ta sa masa yanzun nan. Wannan ne wadda ta ɗauki bidiyo ba ta nuna muku ba. In mutum ɗaya ya taka doka ya sha, to babu sauran doka, kuma ba shi kaɗai ruwa zai ɗauka ba.

Na taka har bakin gurbin, na sake hurawa da duk ƙarfina, na nuna shi da hannu.

"Malam mai farar riga, ka fito daga ruwan nan yanzu. A nan ba ka fi kowa ba. In ka ƙi, Dogo zai shigo ya ɗauko ka."

Samarin suka fito sumui-sumui. Barista ya dube ni, ya dubi yayarsa, ya sauko daga dutsen fuska a murtuke. Saura taku kaɗan ya iso gaɓa santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin taɓo. Na miƙa masa hannu, ya ƙi kamawa.

Muka juyo da sauri. Anti Babba ta rataya hannunta a kafaɗata, muna saukowa tana nishi. A haka muka iso rafin. Ya ɗan ƙaru, ya yi ja, ya haura idon sawu kaɗan. Muka tsallaka lafiya, kowa da kowa.

Na so a ce ina da labarin da zai wanke ni, in ce muku muna tsallakawa ruwa ya taho da itatuwa yana tumbatsa, kowa ya rungume ni yana kuka. Ƙarya ne, ruwan bai zo ba. Ɗan yayyafi aka yi mana a bakin gonaki, rana ta sake buɗewa, tsuntsaye suka ci gaba da harkarsu. Mutanen da suka yi doguwar tafiya don su wuni a bakin ruwa suka shiga mota suna harara ta.

Ina kujerar baya, inda na saba zama. Barista ya zo ya zauna kusa da ni, wandonsa ya bushe ya yi ja. Ya yi ƙasa da murya.

"An koma mota. Yanzu an halatta tambaya ko?"

"Bismillah."

"Ina ambaliyar?"

"Ba ta zo ba, alhamdulillahi."

"Anti ta faɗa min abin da kuka tattauna a hanya. Haushi kika ji, kika rama a gaban mutane."

"Haushi kam na ji, har yanzu ina jin sa. Amma ba shi ya sa na hura ba."

"Ni fa ban ce kin daina ba. Cewa na yi za ki huta."

"Har zuwa yaushe?"

"Har mu ga yadda zama zai kasance."

"Kai ka ce aikin nan ne ya ja ka wurina."

"Budurwa daban, matar aure daban. Ke ma kin sani."

Na juya na kalli taga. Ban yi kuka ba, amma idona ya yi zafi har muka shigo gari.

Washegari kafin in gama karyawa bidiyon ya zaga dangi. Gwaggo ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu, waya a hannu, mayafi a karkace.

"Uwar Daji, kin kyauta. Mijin da za ki aura kike kira malam mai farar riga? Wai a ɗauko shi, sai ka ce buhu. Ke wace irin zuciya ce da ke?"

"Irin taku ce, Gwaggo, a gida na samo ta."

"Ji ta ko. To bakin nan zai kai ki inda ba ki zata ba."

Ina cikin haka Oga ya kira, mai kamfaninmu. Na shige ɗaki na rufo ƙofa. Ya ce wasu daga cikin matafiyan sun kawo ƙorafi, wai rigimar saurayi ce ta sa na katse musu yawo.

"Tambaya ɗaya zan yi miki," ya ce. "Aiki ne ko fushi?"

"Aiki ne, Oga. Ka tambayi Dogo."

"Na tambaye shi. Ina bayanki. Amma ki sani, in na ji kin canza baki a wani wuri kin ce ɓacin rai ne, dole in karɓi usur ɗin nan. Ba zan tura mutane daji da wadda in ta hura sai an tsaya ana tunanin da wa ta yi faɗa ba."

Ina ajiye wayar saƙon Barista ya shigo, kamar yana leƙe.

"Bayan la'asar za mu zo da Kawu da Anti. Abu ɗaya nake so. Ki ce a gabansu ranki ne ya ɓaci, kuskure kika yi. Shi kenan magana ta mutu, ni na yafe."

"Ba kuskure na yi ba."

"Ko don ni ba za ki faɗa ba?"

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, na goge. Ina son mutumin nan, jama'a, kada ku ɗauka dutse ce a ƙirjina. Daga ƙarshe na kife wayar a kan gado na nufi kicin.

Umma tana goge kofunan gilashi tana jerawa a faranti. Ba ta ɗago ba.

"Umma, ke kika ce masa zan bar aiki?"

"Na faɗa. Laifi ne don uwa ta nema wa 'yarta zaman lafiya?"

"Abba ya sani?"

Hannunta ya tsaya a cikin kofin. "Kada ki sako Abbanki a ciki. Da an ɗaura, da kanki za ki ga ba ki da lokacin dajin, shi kenan babu wanda ya ji. Yanzu dai ki rufa min asiri, ki faɗi abin da yake so. Kalma ce fa kawai, ba a jikinki za ta manne ba." Muryarta ta karye a ƙarshe, kuma wannan ya fi zagin Gwaggo yi min ciwo.

Bayan la'asar suka iso. A wannan karon na sa abayar, na yafa mayafi, na shiga falo na zauna a kan kafet kusa da ƙafar Abba. Kawun Barista dattijo ne mai farin gemu da carbi mai manyan 'ya'ya. Anti Babba ta miƙe ƙafarta mai ciwo, an naɗe gwiwar da bandeji. Barista yana gefe, ya sha kaya ruwan toka yau, idonsa a kan kafet. Gwaggo ta kafa kujera a bakin ƙofa, Umma kuma tana bayan labule da farantin kofuna, ina ganin yatsun ƙafarta.

Kawu ya yi gyaran murya, ya yi doguwar shimfiɗa a kan zumunci da mutunci, sannan ya sauka inda za shi.

"Mu ba rigima ta kawo mu ba. Yarinya ce, zuciya ta ɗebe ta. Ta faɗa da bakinta cewa fushi ne, ta ba shi haƙuri, a wuce wurin. Tunda dai ga shi ruwan da ta ce zai zo bai zo ba."

Duk suka zubo min ido. Na ji Gwaggo tana cewa ƙasa-ƙasa, "Yi magana mana."

"Kawu, muryar da na ɗaga, in ta yi zafi, a yi haƙuri. Faɗuwar da ya yi ma ban ji daɗinta ba. Amma usur ɗin ba kuskure ba ne, ba zan ce kuskure ba ne."

Barista ya ɗago ya dube ni. Kawu ya daina jan carbi. Sai Abba, wanda tun shigowarsu bai ce komai ba ban da amsa gaisuwa, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Mamana."

"Na'am, Abba."

"Da ni ne a kan dutsen nan, na ce ki ɗan dakata, za ki hura min?"

Ban taɓa ɗaga wa Abba ido ba, balle murya. Na san amsar da kowa ke jira, na kuma san in na ba da ita, na ba da aikina kenan har abada. Na ɗago na dube shi.

"Zan hura, Abba. In ka ƙi fitowa, in sa a ɗauko ka."

Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Barista ya juya wurin kawunsa, ya buɗe hannuwa.

"Kun dai ji da kunnenku. Wannan ce za ta ajiye aikin ta zauna?"

Abba ya mayar da tabaransa a hankali, ya gyara masa zama a kan hanci.

"Na ji ta," ya ce. "Yanzu kai nake son ji. Wa ya ce maka za ta ajiye aiki?"

Idon Barista ya tafi kan labule. Abba ya bi idon nasa da kallo. A bayan labulen, kofunan da ke kan farantin Umma suka fara karo da juna.